Duwatsu 24 da kambin Barenziah: yadda na kammala aiken da 'yan Skyrim ke gudu

Duk wanda ya ɗan jima yana buga wasan kwamfuta na Skyrim ya san dutsen nan. Za ka shiga ɗakin wani babba, ka hango ɗan jan jauhari yana lilo a iska a bisa buɗaɗɗiyar battar zinariya. Kana kai masa hannu sai rubutu ya fito a saman allo cewa an ba ka sabon aike, ka nemo wanda ya san darajar duwatsu. To daga nan ka jajibo wa kanka kaya. Ba ka da ikon sayar da shi, ba ka da ikon yar da shi, yana nan cikin jakarka har sai ka haɗa shi da 'yan uwansa 23. Tun da kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wasan ranar 11 ga Nuwamba, 2011, da wuya a lissafa aike-aiken da suka fi ƙona wa mutane rai a bar wannan a baya. Ni dai na bi shi har ƙarshe, kuma ina ganin ana zaluntarsa, ko da yake akwai wuraren da masu zaginsa suka fi ni gaskiya.

Na farkon da na ɗauka yana garin Whiterun ne, a ɗakin Kodlak, dattijon mayaƙan Jorrvaskr, can a ƙasan ginin. Wanda zai nuna maka hanya yana nesa, a Riften. Da ka shiga ƙofar garin wani ƙato mai suna Maul zai tare ka da barazana, in ka tambaye shi maganar dutsen sai ya ce ka nemi Vex. Ita kuwa Vex tana zaune a Ragged Flagon, mashayar da ke cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin gari, kuma ba za ta buɗe baki ba sai ka zama ɗan ƙungiyar ɓarayi. Nan na ɗan tsaya, don tun farkon wasan mayaƙi mai kare talakawa na ƙera, ban so in ɓata masa suna ba. Amma babu wata ƙofa sai wannan.

Shiga ƙungiyar yana farawa ne a tsakiyar kasuwa. Brynjolf, ɗaya daga manyan ƙungiyar, zai tara jama'a yana tallar wani maganin ƙarya, kai kuma ka laɓaɓa ka buɗe akwatin Madesi mai sayar da kayan ado, ka zare zoben azurfa ka zura a aljihun Brand-Shei, wanda bai ji ba bai gani ba. Sai karɓo bashi daga 'yan kasuwa uku, zinariya 100 kowannensu, kuma kowa da inda ake matsa shi. Keerava mai masauki tana tsoron a taɓa danginta. Bersi yana da wani tsohon tulu na Dwemer (wata tsohuwar al'umma da ta ɓace) da yake ji da shi, sai ka fasa. Haelga kuwa tana da ɗan mutum-mutumin Dibella, abar bautarta, a kusurwar gidanta, kana ɗauke shi ka ce za ka jefa a rijiya, nan take jikinta ya yi sanyi ta biya. Ban ji daɗin wannan ɓangaren ba, kuma ina ganin da gangan aka rubuta shi haka, don ka san irin mutanen da ka shiga cikinsu.

Bayan an karɓe ni ne Vex ta warware zancen. Duwatsun na kambin Barenziah ne, sarauniyar mutanen Dunmer na ƙasar Morrowind. Wanda ya buga tsofaffin wasannin ya san ta, tana cikin Daggerfall na 1996, tana kuma cikin Tribunal, ƙarin da aka yi wa Morrowind a 2002. Ɓarawo ne ya ɓamɓare duwatsun daga jikin kambin don ya ɓatar da sawu, suka watsu hannu zuwa hannu. Guda ɗaya ba shi da wani amfani, sai an haɗa su duka 24. Ta ce in je in kawo. Babu kibiya a taswira, babu sunan gari ko ɗaya.

Wannan shi ne ya bambanta aiken da sauran. A Skyrim an saba a ba ka aike a kafa maka kibiya, ka bi ta ido rufe har bakin akwati. A nan kuwa kundin aike-aike lamba kawai yake nuna maka, 9 cikin 24, ko 17 cikin 24. Ya san nawa ka tara amma bai gaya maka wanne da wanne ba, tamkar uwar adashen da ta san jimillar kuɗin da ke hannunta amma ta rasa wa ya zuba wa bai zuba ba. Saboda haka abin da na fara yi shi ne na ɗauko littafi da biro na ajiye gefen kwamfuta. Duk dutsen da na ɗauka sai na rubuta wurin, da ɗakin, kafin in motsa. Wanda zai shiga wannan aiken ba tare da takarda ba, zai kai 23 ya koma zagaya ƙasar gaba ɗaya yana leƙa ɗakunan da ya riga ya kwashe.

Na cikin birane sun fi sauƙi, kuma su ne suka fara sa ni son aiken. A Whiterun akwai uku: na Kodlak, da na ɗakin barcin sarki a fadar Dragonsreach, da na cikin makabartar garin. A Windhelm biyu, ɗaya a ɗakin Wuunferth masihircin fada, ɗaya a gidan Shatter-Shield, gidan da aka kashe musu 'ya. Na shiga ne don dutse, na fito ina tunanin uwar da ke zaune cikin makoki. A Markarth ma biyu, na gidan ajiyar dukiyar Silver-Blood da na ɗakin kayan tarihin Dwemer, wanda Calcelmo ke ba ka makullinsa in ka kashe masa ƙatuwar gizo-gizon nan Nimhe. Akwai na fadar Riften, akwai na Blue Palace a Solitude, a ɗakin sarauniya Elisif. Da can fada a wurina wurin karɓar aike ce kawai, in tsaya gaban karaga a yi mini magana in fita. Neman dutse ne ya hau da ni bene, ya sa na ga gadajensu, da littattafan da ke kan teburinsu, da wasiƙun da suka bari a buɗe. Mutanen da suka gina wasan sun zauna sun shirya waɗannan ɗakuna kofi bayan kofi, kuma mafi yawanmu ba ma leƙa su.

Ina cikin wannan yawo ne wani tarin ya ɓullo daga gefe. Aikin farko na gaske da ƙungiya ta ba ni shi ne Goldenglow, gonar zuma a tsibirin tafkin Honrich. Umarnin shi ne a ƙona amya uku, ba huɗu ba, don Maven Black-Briar, attajirar da ke ɗaure wa ƙungiyar gindi, tana buƙatar zumar, sannan a kwashe akwatin ƙarfen mai gonar, Aringoth. Na bi ta magudanar da Vex ta kwatanta mini, na yi sanɗa har bene. A ɗakin Aringoth na ga wani ɗan mutum-mutumin sarauniyar zuma na zinariya a kan teburi. Na ɗauka, sai wasan ya ce in kai wa Delvin Mallory, wani babba a ƙungiyar. Ya biya ni, na manta da zancen. Da na sake shigowa babban zauren ƙungiyar sai na hango shi zaune a kan kanta, bayan teburin shugaba. Sauran kantar wayam.

Wannan kantar ta kama ni fiye da yadda na zata. Kayan da Delvin ke saye guda 7 ne, kowanne a ɓoye cikin ɗaya daga manyan aike-aiken ƙungiyar, kuma babu mai ce maka ga shi can. Bayan sarauniyar zuma akwai butar Honningbrew, da taswirar jiragen kamfanin East Empire, da ɗan samfurin jirgin ruwa a kushewar Snow Veil, da wani ɗan akwatin dabara na Dwemer a ɗakin binciken Calcelmo. Biyun ƙarshe su na fi so. Ɗaya mutum-mutumin Gray Fox ne daga ƙirji zuwa kai, shugaban ɓarayi na wasan Oblivion na 2006, mai rufe fuska da hular toka. Yana gidan Mercer Frey, shugaban ƙungiyar da ya ci amanarta, a Riften. Sai ka wuce Vald mai gadi, ka gano ƙofar da aka ɓoye a bayan kabad, ka ratsa tarkuna kafin ka kai ɗakin sirrin. Ga shi nan a gefen teburi, kusa da akwatin gilashin da takobin Chillrend ke ciki. Ɗayan kuma idon hagu ne na wani gagarumin mutum-mutumin Falmer, wata tsohuwar ƙabila ta ƙasar, a cikin kangon Irkngthand. Za ka iske Mercer a maƙale a fuskarsa yana ƙwaƙule idanun, ku gwabza, sannan ruwa ya ɓalle ya fara cika kogon har rufi kana neman mafita. Idon nan da ka gani a kanta daga baya, ka san da numfashi nawa ka fito da shi.

A cikin kwanakin ne ƙanena ya miƙo mini wayarsa.

"Yaya, ka ga wannan kuwa? Kai da kake ta tara na cikin kwamfuta, ga na gaske nan."

Hoton mutum-mutumin Alduin ne, baƙin dodon nan mai fukafukai da labarin wasan ke zagayawa a kansa. Shi ne wanda aka saka a cikin kwalin musamman na masu tara kaya lokacin fitowar wasan a 2011. Tsayinsa inci 12, na roba mai ƙarfi, yana tsugune a kan katangar rubutun dodanni, an haɗa shi da littafin zane-zane mai shafi sama da 200 da faifan yadda aka yi wasan, duka a kan dala 149.99. Yanzu sai dai a hannun waɗanda suka saya a wancan lokacin. Na daɗe ina kallonsa. An yi aiki, kowace ƙaya a bayansa tana nan, har da yadda faratansa suka kama dutsen. Na san akwai mutane a Amurka da Turai da Japan da ke cika kabad ɗin gilashi da irin waɗannan, suna ajiye kwalin da ya zo ciki saboda darajarsa, kuma ban raina su ba, na san abin da ke jan su.

Na ce masa, "Ƙanena, ya yi kyau, amma ba zai shiga ɗakina ba."

Dalilina na farko kowane ɗan gidanmu ya san shi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, da shi muka tashi, kuma siffa mai jiki ta abu mai rai ita ce malamai suka fi tsanantawa a kai. Ɗakin da nake wasa a ciki nake salla. Na biyun kuwa, Alduin na roba duk mai kuɗi zai iya mallakarsa ko bai taɓa hawa dutsen Throat of the World ba, inda ake gwabzawa da shi a wasan. Abin da ke kan kantar Delvin ba ya sayuwa, sai ka shiga gidan Mercer da ƙafarka. Na mayar masa da wayarsa na koma kan lissafina.

Na cikin daji su ne masu cin jini. Ansilvund, Stony Creek, Rannveig's Fast, Sunderstone Gorge, Hob's Fall, Dead Crone Rock, duk koguna ne da kushewu cike da matsafa da 'yan fashi da matattu masu tafiya, kuma dutsen yakan kasance can ciki. Pinewatch daga waje ɗan gidan mai saran itace ne kusa da Falkreath, amma akwai maɓalli a bangon ɗakin ƙasa, kana dannawa kanta ta matsa ta buɗe maka sansanin 'yan fashi. Yngvild tsibiri ne a cikin ƙanƙara kusa da Dawnstar, inda matsafi Arondil ya tara fatalwar mata yana bautar da su. Na karanta littattafan da ya rubuta da hannunsa a hanya, ban taɓa jin daɗin kashe wani a wasan nan kamar shi ba. Akwai na jirgin ruwan Dainty Sload kusa da Solitude, da na gidan shaƙatawar Black-Briar a gabashin Riften. Na kogon Reeking yana ƙarƙashin ofishin jakadancin Thalmor, kusa da wata gawa, a ramin dodon ƙanƙara. A farkon fitowar wasan yana cikin ofishin ne kansa, wurin da ba a komawa in an fita, sai da kamfanin ya fitar da gyaran wasan mai lamba 1.4 aka sauko da shi kogon. Biyu kuma suna hanyar makarantar sihiri ta Winterhold, ɗaya a Fellglow Keep inda ake aika ka karɓo littattafan da aka sace, ɗaya a ɗakin shugaban makarantar. Mayaƙina da bai san komai ba sai gatari, dole ya tsaya a bakin gada gaban Faralda ya nuna ya iya sihiri ko ɗaya kafin a bar shi ya wuce.

Saura biyu, kuma a kansu ne nake ba masu ƙorafi gaskiya.

Ɗaya yana maɓoyar ƙungiyar makasa ta Dark Brotherhood, a ɗakin shugabarsu Astrid. Ba ka isa ƙofar ba sai ka amsa kiran yaro Aventus Aretino a Windhelm, ka je gidan marayun Riften ka kashe tsohuwa Grelod mai azabtar da yara. Muguwa ce, ka ji da kunnenka abin da take gaya wa marayun, amma duk da haka tsohuwa ce marar makami. Daga nan Astrid za ta sace ka kana barci, ka farka a wata bukka da mutum uku a ɗaure, ta ce ka zaɓi wanda za ka kashe. Ni ita na juya wa. Wasan ya yarda da hakan, ya tura ni wurin Kwamanda Maro a Dragon Bridge, ya ba ni kalmar buɗe baƙar ƙofar da ke dajin Falkreath, na shiga na share su, ya biya ni zinariya 3,000. Dutsen yana nan a ɗakinta. Amma mai neman duwatsun ɓarayi bai kamata a tilasta masa kisan gilla a gidan marayu ba, wannan kuskure ne na masu tsara wasan.

Ɗayan yana cikin Proudspire Manor, gidan da ake sayarwa a Solitude, kuma ba ka shiga sai ka saya. Kuɗinsa 25,000, alhali gidan Whiterun 5,000 ne. Kafin ma a yi maka tayinsa sai ka yi wa fada hidima. Falk Firebeard, wakilin sarauniya, zai tura ka kogon Wolfskull inda za ka iske matsafa suna ƙoƙarin tayar da Potema, tsohuwar sarauniyar da ake wa laƙabi da kyarkeci. Daga baya wasiƙa ta zo cewa ruhinta ya kuɓuce, ka shiga ƙarƙashin birnin ka yaƙe ta, ka kai ƙoƙon kanta wurin Styrr mai kula da matattu. Wannan na biyun ba dole ba ne don gidan; abin da ake buƙata bayan Wolfskull shi ne Elisif ta ba ka ƙahon yaƙin mijinta marigayi Torygg, ta roƙe ka a asirce ka kai shi wurin bautar Talos, abin bautar da aka haramta. Waɗannan aike-aike suna cikin mafi daɗi a wasan, ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba. Kuɗin ne matsala. Yadda na tara su shi ne na je sansanin Halted Stream a arewacin Whiterun, inda akwai littafin sihirin da ke mayar da tamar ƙarfe azurfa, azurfa kuma zinariya, ga ramin tama a wurin. In haƙo, in juya, in narke, in ƙera zobba a maƙera, in bi gari-gari ina sayarwa, don kowane ɗan kasuwa kuɗin hannunsa kaɗan ne. Aiki ne mai gundura. Ranar da na ƙirga wa Falk kuɗin, na shiga gidan babu ko kujerar kirki, na hau bene na ɗauki dutsen a ɗakin barci.

Da na kai wa Vex 24 ɗin na zaci an gama. Sai ta ce saura kambin kansa, yana kogon Tolvald a duwatsun da ke arewacin Riften. A wannan karon an kafa kibiya. Kogon dogo ne, hawa-hawa, cike da makafin Falmer da ƙwarin Chaurus masu tofa dafi. Can ƙarshensa za ka iske ragowar ayarin mutanen Dunmer da suka ratso ta ƙarƙashin dutse daga ƙasarsu ba su fita ba, ƙasusuwa da tarkacen kaya ko'ina. Kambin yana cikin tarkacen. Ina ɗaga shi fatalwowinsu suka taso mini, sai da na yi da gaske kafin na fita. Vex ta karɓa, aka mayar da duwatsun gurabensu, aka ɗora shi a kan wani mutum-mutumin kai a zauren ƙungiya, kusa da kantar Delvin.

Ladan shi ne wata baiwa da wasan ke kira Prowler's Profit. Daga ranar, kusan duk akwati ko tulun kushewa da ka buɗe sai ka samu jauhari a ciki, yaƙutu, zumurrudu, lu'ulu'u, wani lokaci da yawa a tulu ɗaya. Ba su da nauyi, kuma suna da tsada. A kushewa ɗaya sai ka fito da abin da ya fi ƙarfin aljihun duk 'yan kasuwar gari. Matsalar ita ce lokacin da ya zo na riga na sayi gida mafi tsada a ƙasar, na shiga kusan kowace ƙungiya, babu sauran abin da nake buƙatar saye. Na ƙera sarƙoƙi da zobba da wasunsu, sauran na zuba a akwati a Proudspire.

Saboda haka wanda zai yi, ya fara da wuri, kada ya bar shi sai ƙarshe. Ya shiga ƙungiyar Riften tun yana ƙarami a wasan, ya kwashe na birane a zagayensa na farko, ya riƙa ɗaukar na koguna duk lokacin da wani aike ya bi da shi kusa. Maganar Potema ya fara ta da zarar ya isa Solitude, don wasiƙar Falk ba ta zuwa sai ya kai mataki na 10. Kuɗin gidan kuwa ya fara ware su tun daga ranar da ya koyi juya tama, kada ya taɓa su don sayen doki ko sulke.